YADDA ZANE YA KOYI TAFIYA

Dattawan ƙasar Sakkwato za su tuna da zamanin majigi, sa'ad da motar gwamnati takan iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, yara da manya su taru suna kallo. Sunan majigi ma ya fito ne daga Turanci, ma'anarsa fitilar sihiri. Yau kuwa majigin ya shigo ɗakinmu. Yara a Boɗinga da Shagari suna kallon katun a talabijin da wayar hannu, inda ɓera yake magana, kwaɗo yake sa hula. Wasu iyaye suna tsoron abin, suna cewa aikin aljanu ne. Wasu kuma sun sakar wa yaran waya, ba ruwansu. Ya kamata mu san yadda ake yinsa, domin mu iya bi da 'ya'yanmu da gaskiya.

Asirin motsi

Mai karatu, babu zanen da ya taɓa motsi. A silima ana nuna hotuna 24 cikin kowane sakan, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa. Saboda saurinsu ido ba ya iya raba su, sai ya ga kamar abu ɗaya ne yake tafiya. Minti ɗaya ke nan yana cin hotuna 1,440.

Saboda haka kyamarar masu katun ta sha bamban da sauran. Akan kafa ta a kan ƙarfe, bakinta yana duban tebur. A ajiye zane, a ɗauki hoto ɗaya tak, a cire, a ajiye na gaba. A 1908 wani Bafaranshe, Émile Cohl, ya yi zane wajen 700, duka fim ɗin kuwa bai cika minti 2 ba.

Wahalar ita ce, a kowane hoto sai an sake zana gida da itace da hanya, ko da mutum ne kaɗai ya ɗaga ƙafa. A 1914 Earl Hurd na Amurka ya kawo sauƙi. Aka fara zana mutum a kan wata takardar roba wadda ake gani ta cikinta kamar gilashi, a ɗora ta bisa zanen gari da aka yi sau ɗaya. Akan huda takardun a zura su cikin ƙusoshi, don kada su goce ko kaɗan.

Matsalar wata

Duk wanda ya bi mota daga Boɗinga zuwa Shagari da dare ya san wannan. Karan dawa na bakin hanya suna wucewa da gudu, itatuwan nesa suna tafiya sannu-sannu, wata kuwa yana nan inda yake, kamar yana rakiya. Haka Allah ya shirya idonmu ya gane kusa da nesa. Amma zane a shimfiɗe yake. In kyamara ta matso kusa da gidan da aka zana, sai wata ma ya ƙara girma tare da gidan, mai kallo ya ga ƙarya a fili.

Maganin shi ne a raba zanen hawa-hawa. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta jera gilasai wani bisa wani a fim ɗinta na 1926, wanda ta ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. A 1933 Ub Iwerks ya haɗa irin wannan kyamara da ƙarafan tsohuwar mota Chevrolet. Sa'an nan kamfanin Walt Disney ya gina babbar, wadda ta fi mutum tsawo nesa, tana iya ɗaukar gilasai har 7. Ciyawa tana gilashin sama, gida a tsakiya, wata can ƙasa. Mutane da yawa ke juya ta, su gusa kowane gilashi kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake gusawa. An yi aiki da ita a Snow White na 1937, fim mai minti 83, watau hotuna kusan 120,000. Aikinta na ƙarshe a 1989 ne, daga nan kwamfuta ta gaje ta.

Maƙwabcinmu na Tawa

Kada mu ce wannan aikin Turawa ne kaɗai. In mutum ya bar Sakkwato ya bi ta Illela da Birnin Ƙonni zai kai Tawa a ƙasar Nijar. A can Mustafa Alhasan, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Moustapha Alassane, ya yi shekarun girmansa yana aiki. An haife shi a 1942 kusa da Yamai. Tun yana yaro yakan tara mutane ya nuna musu wasan inuwa da fitila, ya kuma koyi makanikanci. Daga baya ya sadu da Jean Rouch, mai yin fim, ya tafi Kanada wurin Norman McLaren, gwanin da yakan yi zane a jikin fim ɗin kansa ba tare da kyamara ba.

A 1966 Mustafa ya fito da Bon Voyage Sim, watau Sauka Lafiya Sim. Ɗan gajeren katun ne a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya kai ziyara, ana ta busa da faretin banza. Mutane suka yi dariya, masu hankali kuma suka gane da wa ake. Ba shi da injin Disney mai hawa 7, amma yana da ido da hannu da haƙuri. Ya rasu a Wagadugu a 2015, ana lissafta shi cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka.

Abin da ya rage ga iyaye

Na fari, mu faɗa wa yara gaskiya. Katun ba sihiri ba ne, ba shi kuma da rai. Mutum yana iya sa zane ya yi kamar yana tafiya, amma Littafin Farawa ya koya mana cewa Ubangiji ne kaɗai ya ba ɗan adam numfashi.

Na biyu, tun da mutum ne ya zana kowane hoto da niyya, to, akwai abin da yake so ya koyar. Wani katun yana koya kirki, wani rashin kunya da mugunta. Uba ko uwa su zauna su kalla tare da yaro, su tambaye shi abin da ya gane.

Na uku, kada mu kashe baiwa. Sau da yawa yaro yakan sha bulala domin ya yi zane a bayan littafinsa. A Littafin Fitowa sura 31 Allah ne da kansa ya cika Bezalel da gwanintar aikin hannu domin hidimarsa. Wa ya sani ko yaron nan ne zai zana labarin Yusufu ko na Yunusa da Hausa domin Makarantar Lahadi?

Ga abin da za ku gwada a gida. Ku samo tsohon littafin rubutu. A kusurwar kowane shafi yaro ya zana kwaɗo, kowanne ya ɗan fi na baya tashi sama, har shafi 24. Sa'an nan ya saki shafukan da babban yatsa da sauri. Kwaɗo zai yi tsalle. Ku gaya masa duk wannan aikin, a silima sakan ɗaya ne kawai.