Akori-Kura Ta Ƙi Shiga Ƙafa Huɗu: A Duba Nan Kafin A Sauke Giyabos

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, duk mai ɗauko kayan gwari ko ɗanyen kifi daga ƙauye ya san kwana ɗaya cikin taɓo ya isa ya cinye riba, har ya taɓa uwar kuɗi. Mai kai awaki Maigatari ran Alhamis kuwa, in ya kwana a hanya, sai ya jira wani makon yana ciyar da su daga aljihunsa. Dalilin da ya sa ake sayen akori-kura mai jan ƙafa huɗu ke nan, irin wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat. To amma sau da yawa sai ranar da aka kafe, direba ya ja sanda, ka ga tayoyin baya na ta wulwulawa suna watsa laka, na gaba kuwa ko motsi. Nan da nan sai a ce giya ta mutu, a sauke giyabos. A yi haƙuri tukuna. Galibi ciwon bai kai nan ba.

Ga yadda abin yake. Ƙarfin inji yakan fito daga giyabos ya shiga wani ƙaramin akwatin giya da ke manne a bayansa, wanda makanikai ke kira tiransifa. Daga cikinsa farfela biyu suka fita, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba. A kan kwalta ta baya kaɗai ke aiki. In an ja ƙaramar sanda daga H2 zuwa H4, tiransifa sai ta haɗa farfelar gaba, ita kuma ta juya aksul na gaba, shi kuma ya juya tayoyi ta wani makulli da ke cibiyar kowace taya. Watau ƙofa uku ke nan a jere. Ko wacce ta ƙi buɗewa, ƙarfi ba zai kai ƙasa ba.

Na farko, a duba makullin taya. A tsofaffin Hilux da Land Cruiser akwai abin murɗawa a tsakiyar tayar gaba, an rubuta FREE da LOCK. Sai an sauko an murɗa duka biyun zuwa LOCK. In yaron mota ya murɗa ɗaya ya mance ɗaya, daidai yake da ba a murɗa ko ɗaya ba, domin ƙarfin zai zurare ta ɓangaren da ke sake. In kuwa makullin ya yi tauri, ko yana juyawa ba ya kamawa, to tsohon giris ne ya daskare da ƙura, ko ɗan sifirin ɗin ciki ya karye. A kwance, a wanke da kananzir, a shafa giris kaɗan. Kada a cika shi dam, yawan giris ma yakan hana shi kamawa.

Na biyu, hannun direba. L4, watau giyar ƙarfi ta fita daga rami, ba ta shiga mota na gudu. Sai an tsaya cak, an taka kuloci, in kuma mota mai canja giya da kanta ce a sa ta a N. Wani lokaci haƙoran giya ne ba su yi daidai da juna ba. A ɗan matsa gaba ko baya taku biyu uku, a sake gwadawa. Wanda ya sa ƙarfi ya danne sanda, shi ke jawo wa maigidansa babban aiki.

Na uku, tayoyi. Nan 'yan kasuwa suka fi faɗawa, don an saba sayen taya ɗai-ɗai, wadda aka samu da sauƙi. In na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ko wata ta suɗe wata sabuwa ce, ko iska ba daidai ba, farfelun biyu ba za su yi gudu ɗaya ba, sai giya ta cije, ta ƙi shiga ko ta ƙi fita. Haka nan in an yi tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta. Maganin cijewa shi ne a yi ribas kaɗan a miƙe, sandar za ta saki.

Na huɗu, motocin zamani. Toyota ta fara Hilux a 1968, mai ƙafa huɗu ta fito a 1979, daga samfurin 2015 kuma aka cire ƙaramar sandar aka sa maɓallin murɗawa. A irin waɗannan, ɗan injin lantarki ne ke tura giyar. In fitilar ƙafa huɗu na ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, giya ba ta gama shiga ba. A fara da fis, sa'an nan a bi wayoyin ƙarƙashin mota, don laka da ruwa da ɓera duk suna cin su. Wasu na tsakanin tsoho da sabo da iskar inji suke haɗa aksul na gaba, ta wani siririn tiyon roba. In ya tsage, shi ke nan. Wannan aikin mai rewaya ne ko canjin tiyo, ba na sauke giyabos ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gida. A sa H4, a ɗan matsa da motar, a kashe inji, a bar ta a giya, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi duwatsu. A kama farfelar gaba da hannu a murɗa. In ta juya sakaka, tiransifa ba ta haɗa ba. In ta ƙi juyawa alhali makullai na kan FREE, tiransifa lafiya lau take. Sai a mayar H2, makullai na kan LOCK, a sake murɗawa. In yanzu ta juya ba tsayawa, ciwon yana makulli ko aksul. Wannan gwaji na biyu na masu makullin hannu ne kaɗai. Kana a kwance noti a duba man tiransifa da na aksul. In ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga wajen ƙetare rafi, a zubar a zuba sabo. Sai an bi duk waɗannan ba a samu kome ba, sa'an nan a yarda makaniki ya buɗe ciki.

A kuma lura, in taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suna wulwulawa tare, ƙafa huɗu ta shiga, ƙasa ce ba ta kamuwa. Shebur da itace da rage lodi ake bukata a nan.

Ku kuma dillalan mota, a kiyaye amana. Akwai motocin hannu da ake kawowa kasuwa an cire musu farfelar gaba ɗungum, ko don ɓoye ciwo ko wai don rage shan mai. Sanda za ta shiga sumul, fitila ma ta kama, amma banza. Kafin a yi ciniki a durƙusa a leƙa ƙasa, a kai motar kan yashi a gwada gaban mai saye. La'adar da aka ci a kan motar da za ta kwana da kayan mutum a daji ba za ta sake kawo wani ciniki ba.

Babban abin da ke kashe wannan giya shi ne zama. Duk rani ba a taɓa ta ba, mai bai zagaya ba, tsatsa ta kama. Littafin da Toyota ke bayarwa da motocinta ya ce a yi tafiyar kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata. Sai a zaɓi hanyar burji ko ta yashi a yi hakan, kuma a gwada ta tun a tasha kafin a ɗora buhu na farko.