Sharar Guba: Daga Bakin Teku Zuwa Fadamun Magariya da Dungas

Koko wani ƙaramin gari ne a kudancin Najeriya, cikin jahar da a yau ake kira Delta. Yana bakin wani babban kogi da ke faɗawa cikin teku, kuma yana da ƴar tashar jiragen ruwa. Mutanensa masunta ne da manoma. Kafin shekarar 1988 ba kowa ya san sunansa ba.

A shekarar 1987 wani ɗan kasuwa mutumin Italiya ya je wurin wani dattijo a garin. Ya ce yana neman filin da zai ajiye kaya, zai riƙa biyan dalar Amurka 100 kowane wata. Dattijo ya yarda, don bai san abin da ke cikin kayan ba. Daga nan jiragen ruwa suka fara zuwa. Tsakanin 1987 da watan Mayu na 1988 sun yi sawu biyar, sun sauke dubban tanoni, watau duro-duro na ƙarfe. Nauyin kayan ya haura tan 3,500. An jibge su a fili, rana ta dake su, ruwan sama ya dake su.

Abin da ke ciki sharar masana'antun Turai ce, dagwalon magunguna masu guba. A can ƙasarsu doka ta tilasta a kashe kuɗi masu yawa kafin a rabu da irin wannan shara. Sai masu ita suka ga ya fi musu sauƙi su kawo ta Afirka su yar. Da zafin rana ya yi yawa, tanonin suka kumbura, wasu suka fashe, dagwalo ya malala cikin ƙasa. An ba da labarin cewa wasu mutanen garin sun juye abin da ke cikin wasu tanonin, suka kai su gida don tara ruwa. Wa zai ga laifinsu? Tano abu ne mai daraja a gidan talaka.

Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tona asirin. Sun ga labarin a jaridun can, suka rubuto wa jaridun gida. A watan Yuni na 1988 magana ta fito fili. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Italiya, ta matsa sai an kwashe sharar. Lebura da suka yi aikin lodin, wasu sun ƙone a jiki, wasu sun yi ta amai har aka kwantar da su asibiti. Ɗaya daga cikin jiragen da suka kwashi kayan, mai suna Karin B, ya yi ta yawo a teku. Ƙasashen Turai da dama suka hana shi tsayawa, har daga bisani ya koma Italiya. A duba wannan da kyau: abin da aka ajiye a bayan gidan manomi, manyan tashoshin Turai sun ƙi ko da a sauke musu shi.

A shekarar nan Najeriya ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta yanke ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba. A 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta wadatar ba, sai suka taru a Bamako a watan Janairu na 1991, suka haramta shigo da irin wannan shara cikin nahiyar ɗungum. Nijar tana cikin waɗanda suka sa hannu.

Doka ba ta hana a sake ba. A daren 19 ga Agusta 2006, a Abijan, birnin da ƴanʼuwanmu da yawa ke zuwa ci-rani, an sauke dagwalo daga wani jirgi mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya. Motocin wani ƙaramin kamfani na cikin gari suka bi unguwanni suna zubarwa. Da gari ya waye wari ya cika birnin. Fiye da mutum 100,000 suka je likita da ciwon kai, da amai, da zafin ido, da ƙuncin numfashi. Hukumomin ƙasar sun ce an rasa rayuka fiye da goma. Kamfanin ya biya gwamnati kusan sefa biliyan 100 a 2007, amma bai amsa laifi ba.

Mu da ba mu da teku

Mai karatu na iya cewa, ina ruwanmu, tun da jirgi ba ya zuwa Magariya? Gaskiya ne, ba mu da teku. Amma muna da iyaka, muna da kasuwa. Daga Maigatari, daga Babura, daga Babban Mutum, kaya na shigowa kowane mako ta Tinkim da sauran hanyoyi. Cikin kayan akwai tano, da jarka, da kwalabe, da maganin feshi. Gubar da aka kai Koko a jirgi ta zo ne gaba ɗaya. Tamu tana zuwa kaɗan-kaɗan, a bayan babur, kuma mu ne muke biyan kuɗinta.

Sannan ƙasarmu tana da wani hali da ya kamata a sani. A gundumomin Magariya da Dungas, musamman a fadamun Korama, wajen Bande da Wacha da Guci, ruwa yana kusa. Akwai inda mutum zai gina gaba ɗaya ko biyu ya tarar da shi. Wannan ita ce albarkar da ta ba mu rake, da rogo, da dankali, da tumatir, da kabeji. Amma ƙasar rairayi ce, ba ta riƙe abu. Abin da aka zuba a sama, ruwan damina yana sauke shi ƙasa. Wanda ya wanke famfon feshi a bakin rijiyar lambu, ko ya jefa kwalbar magani cikin tafki, ya zuba wa kansa ne a randa. Jamaʼa kuma ta yi yawa a yankin nan, gonaki sun matsu da gidaje, ba wani dajin da za a ce an yar da abu nesa da mutane.

Ga abin da aka fi gani. Manomi ya gama feshi, kwalba ta ƙare. Sai a wurgar da ita a kunya, yara su tsince ta su yi wasa. Ko uwargida ta wanke ta da omo ta zuba man gyaɗa. Jarkar da ta ɗauki maganin kashe ciyawa ta zama ta ɗebo ruwa, ko ta kai kunu gona. A nan ne kuskuren yake. Roba tana shan magani, kamar yadda sabuwar tukunya ke shan ruwa. Ko an wanke ta sau goma, ko wari ya ɓace, saura yana nan cikin jikinta, yana fita a hankali cikin abin da aka zuba. Mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ya rabu da abinci da abin sha har abada. Haka tanon da ba a san abin da ya ɗauko ba, komai arharsa.

Maganin nan da ake kira piya-piya ya fi ba da tsoro, don ana ɗura shi a ƙananan kwalabe marasa takarda. Yaro ba ya bambance shi da abin sha. Wasu kuma suna yayyafa shi cikin wake don kada ya yi ƙwari, alhali waken nan ciki zai shiga. Akwai hanyar da ta fi: buhun nan mai ninki uku, wanda ake kira PICS, da masanan cibiyar binciken noma ta INRAN suka gwada a ƙasar nan. In an ɗaure shi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari suna mutuwa ba tare da ko ɗigon magani ba.

Yadda za a yi da kwalbar da ta ƙare

Malaman gona suna koyar da ɗauraya uku. Da zarar magani ya ƙare, a zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbar, a rufe, a girgiza, a juye ruwan cikin famfon feshi. A yi haka sau uku. Ruwan ɗaurayar a fesa shi a gonar da ake wa aiki, kada a zubar a ƙasa. Bayan haka a huda gindin kwalbar da ƙusa ko wuƙa, don kada wani ya yi shaʼawarta. A tara irinsu cikin buhu, a ajiye inda yaro da dabba ba sa kaiwa, nesa da rijiya, a tambayi maʼaikacin gona na gunduma ko na karamar hukuma inda za a kai su. Kada a ƙone su a murhu ko a tsakar gida, hayaƙinsu guba ne.

Wajen saye ma a buɗe ido. Maganin kirki yana da takarda a jikinsa, da lambar izinin hukumar ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, da ranar da zai lalace. A ƙasan takardar akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Wanda ya fara karatu a ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunsa zai yi masa rana: ya karanta wa kansa, ya karanta wa maƙwabcinsa.

In har guba ta kama mutum, alamunta sun haɗa da yawan miyau, da zufa, da amai, da ciwon ciki, da jiri, da makyarkyata, da wahalar numfashi. Ƙwayar ido kan tsuke ta zama ƴar ƙarama. A tuɓe masa tufafin da magani ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Mutane da yawa sun gaskata da madara, amma ba ta karya guba, ɓata lokaci kawai take yi. A garzaya da shi likita mafi kusa, a tafi da kwalbar, don ita ce za ta gaya wa maʼaikacin lafiya irin maganin da zai ba shi.

Saura leda da tsohon batir. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da baƙar leda da sayar da ita, amma duk wanda ya ratsa kasuwar Magariya bayan ta watse ya san inda dokar ta tsaya. Akuya da saniya suna cin ledar, ta dunƙule a tumbi. Dabba ta yi ta rama ana cewa sammu ne, sai mahauci ya farka ciki a ga damin leda. Batir kuwa, na tocila da na mota da na sola, wasunsu suna da dalma da wasu ƙarafa masu cutarwa. Dalma ce ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta ruɓewa. Juji da ake kwasa daga gari a kai gona a matsayin taki yana tafiya da waɗannan duka. Kafin a loda amalanke, a sa manjagara a tsince leda da batir da kwalabe, a ware su gefe guda.