Cinikin Gwanjon Sifika da Amfilifaya na Mota

Babbar sifikar da ake girkewa a but domin fitar da kaurin sauti, wadda ake kira wufa, ba ta amo sosai sai da amfilifaya, na'urar da ke jan wutar batir mai bolt 12 ta ƙarfafa muryar rediyo. Kuma da yake sababbin kayan kamfanonin Pioneer da Kenwood sun yi tsada, da yawa gwanjo suke nufa, irin wanda ake saukewa a kasuwar Alaba ta Legas.

To, wajibi ne mai saye ya danna fuskar sifikar sannu a hankali, domin idan ya ji karce, ko ya shaƙi ƙauri, alama ce naɗin wayar ciki ya ƙone, ko da zahirinta na ƙyalli. Kada kuma dubban wat da aka zana a kwali su ruɗe shi, galibinsu mubalaga ce. Adadin RMS shi ne haƙiƙanin ƙarfinta. Haɗa sifika mai om 2 da amfilifayar da aka ƙera wa om 4 kuwa, zafi yake jawowa har amfilifayar ta lalace.

Shi ma mai sayarwa wajibinsa ne bayyana aibi, domin fuƙaha'u sun ba mai saye damar mayar da hajar da aka ɓoye illarta.