Tsohuwar Roka a Kasuwar Ochanja: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Tayar da Injin da Ya Daɗe a Ajiye

ANACA — Duk wanda ya saba da zirga-zirga a kewayen Kasuwar Ochanja da ke Anaca, a Jihar Anambra, ya san tsohuwar babbar motar nan ƙirar Marsandi mai gajeren hanci da bodin katako, wadda direbobin Arewa ke kira roka, mutanen Kudu kuma suka fi sanin ta da lambarta, wato 911. Shekaru da dama ita ce ke sauko da albasa da wake da busasshen kifi daga Arewa, ta koma da manja da goro da sauran kayan masarufi. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun daina fita, suna fake a bayan gidaje da gefen gareji, wasu tun rasuwar masu su. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, har sayen wata babbar mota ya gagari ƙaramin ɗan kasuwa, sai irin wannan ajiya ta zama abin a sake dubawa. Tambayar da ke gaban magada da masu sufuri ita ce: a tayar da motar, ko a cire injin a sayar, ko kuwa a miƙa ta ga 'yan gwangwan?

Kafin a amsa, ya kamata a san abin da ke ƙarƙashin murfin. Kamfanin Daimler-Benz na ƙasar Jamus ya fara fitar da manyan motoci masu gajeren hanci a 1959, kuma ya ci gaba da ƙera su domin kasuwannin waje har zuwa 1995. Lambar da ke jikin motar bayani ce a kanta: 9 na nufin nauyin mota da lodinta tan 9, sa'annan 11 na nufin ƙarfin doki kimanin 110. Haka 'yar'uwarta 1113 take nufin tan 11 da ƙarfin doki kimanin 130. Injin da ya yi wa waɗannan motoci suna shi ne OM 352, mai amfani da man gas, mai silinda shida a jere, wanda girman cikinsa ya kai kimanin lita 5.7. An fara ƙera shi a 1964, kuma sai bayan shekaru 20 aka fitar da magajinsa, OM 366.

Dangantakar wannan mota da yankin Gabas ta ƙara ƙarfi ne a lokacin da Gwamnatin Tarayya da Daimler-Benz suka kafa kamfanin ANAMMCO a 1977. Shugaba Shehu Shagari ya buɗe masana'antar a Emene, kusa da Inugu, a 1980, aka kuma fara harhaɗa motoci sosai a 1981. Zamani ne da gwamnati ta ɗauki harhaɗa motoci a cikin gida da muhimmanci, inda aka sami Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, da kuma masana'antar manyan motoci ta Fiat a Kano. Sai dai shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sauya al'amura. Naira, wadda a 1985 ta ɗara dala daraja a farashin hukuma, ta kai kimanin naira 22 a kan dala ɗaya a tsakiyar shekarun 1990. Kayan harhaɗawa suka yi tsada, ciniki ya ja baya, kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda a Arewa ake kira 'yan Kwatano. Sannu a hankali tireloli masu ɗaukar ninkin ba ninkin lodin roka suka karɓe doguwar hanyar Kano zuwa Anaca.

Abin da ya sa ake sake waiwayar tsohon injin a fili yake. Ko da yake Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage kuɗin fito a kan manyan motocin ɗaukar kaya daga kashi 35 zuwa kashi 10 cikin ɗari, canjin kuɗi ya cinye wannan rangwame. Dalar da ake saya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A irin wannan hali, motar da aka riga aka biya kuɗinta shekaru 30 ko 40 da suka wuce ta zama jarin da ba ya bukatar dala kafin a mallake shi. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ɗan kasuwa sai ya ɗanɗana ya tabbatar zumar ba ta lalace ba.

Dalilan da suka sa wannan inji ke jure dogon zama guda uku ne. Na farko, tsarin silinda shida a jere yana da daidaito na asali: fistin-fistin suna tafiya bibbiyu, motsin wasu na kashe girgizar wasu, don haka injin ba ya jijjiga kansa kamar mai silinda huɗu. Na biyu, an yi gangar jikinsa da zubin baƙin ƙarfe mai kauri, kuma ƙarfin da ake tatsa daga gare shi kaɗan ne idan aka kwatanta da girmansa, saboda haka bai cika wahala ba. Na uku, babu kwamfuta a cikinsa. Famfon mai na ƙarfe ne ke raba man gas ga nozul shida, abin da bakanike mai sifana da kunne zai iya bi ya gano matsala. Bugu da ƙari, an ƙera injin da yawa, har a ƙasar Barazil, an kuma sa shi a motocin Unimog da na aikin gona, abin da ya sa kayan gyaransa suka bazu a duniya. A kewayen Anaca ana neman sababbin kayan gyara a Nkpor da Nnewi, tsofaffi kuma a Mgbuka da ke Obosi.

Duk da haka, zama yana cin inji ta hanyar da aiki ba ya ci. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ɗauko batir a ɗaura a murɗa makulli don a ji ko zai tashi. Injin da ya shekara goma a tsaye, baƙin mai ya riga ya tsiyaye daga jikinsa, laima ta shiga silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe, tsatsa kuma na iya riƙe ringi. Murɗawa da ƙarfi a wannan hali na iya karya ringi, ta kankare bangon silinda, ko ta lanƙwasa sandar bawul, a mayar da ƙaramin gyara ya zama na sauke inji.

Hanyar da ta dace ita ce a fara tsiyaye tsohon baƙin mai a duba shi. Idan ya yi fari-fari kamar an dama madara, ruwa ya shiga, kuma sai an nemo ta ina. Daga nan a cire nozul-nozul, a ɗiga mai marar kauri a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu ko uku, sa'annan a juya karanshaf da hannu. Idan ya yi cikakken zagaye biyu ba tare da cijewa ba, kuma bawul-bawul duka suna hawa suna sauka, to, akwai fata. Bayan haka sai a wanke tanki, domin tsohon man gas yana tara ruwa da dauɗa, a sauya matatun mai, a fitar da iska daga bututu da famfon hannu, a kuma duba lagireto da tiyo-tiyonsa. Akwai haɗari guda da bai kamata a manta ba: idan sandar da ke ƙayyade mai a cikin famfo ta maƙale a buɗe, injin na iya tashi da gudun da ba a iya tsayarwa da makulli har ya tarwatse. Shi ya sa bakanike mai hankali ke tabbatar da sandar na motsi, ya kuma ajiye katako kusa domin toshe bakin shan iska. In ya tashi, hayaƙi zai ba da sauran labari: baƙi na nuna mai ba ya ƙonewa sosai, shuɗi na nuna injin na shan baƙin mai, farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi kuma na iya nuna ruwa na shiga silinda.

Tashin inji rabin lissafi ne. A gari mai yawan ruwan sama irin Anaca, tsatsa ta fi cin ƙashin bayan mota fiye da yadda take yi a Kano ko Katsina, gara kuma na cin katakon bodi. Robobin birki suna bushewa su tsage, taya na mutuwa a tsaye ko da zanenta bai goge ba. Tayoyin da aka yi daga 2000 suna ɗauke da lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, kuma ya kamata a karanta. Mutanen Ochanja sun san abin da babbar mota ke jawowa in ta ƙwace: a ranar 16 ga Oktoba, 2019, wata tankar man fetur ta faɗi a Upper Iweka, wuta ta bi magudanar ruwa ta isa kasuwar, aka yi asarar rayuka da shaguna masu yawa. Saboda haka kuɗin birki da taya ba wurin tsimi ba ne. Har ila yau, akwai batun takardu, domin motar gado da ba a raba ba, ko wadda takardun mallakarta suka ɓace, gyaranta zuba kuɗi ne a kan rigima.

Sai kuma tambayar aikin da motar za ta yi. Farashin litar man gas ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, kuma a doguwar tafiya, kuɗin ɗaukar kowane buhu a roka ya fi na tirela. Inda take da riba shi ne gajeren zango: kwasar kaya daga inda tirela ta sauke zuwa cikin kasuwa, ko daga Anaca zuwa Asaba da Nnewi da Oka da ƙauyukan da hanyarsu ba ta karɓar doguwar mota. Idan ƙashin bayan ya ruɓe amma injin na da lafiya, sayar da injin shi kaɗai ga mai irin motar ya fi sayar da komai a kan sikeli.

Akwai kuma motar da darajarta ba ta aiki ba ce. Marsandi ƙirar 230.6, ita ma mai silinda shida amma ta fetur, wadda aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, an adana ta a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Wanda ya tarar da tsohuwar mota mai alaƙa da wani sanannen mutum ko wani lamari na tarihi, gara ya nemi shawarar jami'an adana kayan tarihi kafin ya sa mata sabon fenti, domin a irin wannan mota, asalin kamanninta da takardunta su ne kuɗin.

Ga mafi yawan masu roka kuwa, shawarar ba ta da tsawo. A biya bakanike ladan kwana biyu ya duba mai, ya juya inji da hannu, ya leƙa ƙarƙashin mota. A rubuta kuɗin inji da birki da taya da bodi da takardu a shafi guda, a rubuta abin da motar za ta iya kawowa a wata a ɗaya shafin. Bayan an ga alƙaluman biyu ne ya kamata a aika yaro sayen batir.