Ciwon Firgita Ga Samari Da 'Yan Mata

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba ya kawo zazzaɓi, ba ya fid da ƙurji, amma yana cin yaro a tsaye. Shi ne ciwon firgita.

Duk mutumin ƙasar Zuru ya san abin da 'yan bindiga suka yi mana. A Yunin 2021 aka kwashi 'yan makaranta a Birnin Yauri, a Nuwamban 2025 kuma aka ɗauki 'yan mata 25 a makarantar Maga. Ban da waɗannan, akwai yara da yawa a Danko da Wasagu da Sakaba waɗanda suka kwana a daji, ko suka ga an kashe nasu. Jiki ya komo gida lafiya, amma zuciya ba ta komo ba tukuna.

To, yaya za ku gane shi? Yaro ɗan shekara 13 zuwa 19 wanda dā yake da fara'a sai ya yi shiru. Barci ya ƙi, in ya samu kuma sai mugun mafarki. Ƙarar babur kaɗai takan sa shi zabura. Wani ya ƙi gona, wata ta ƙi makaranta, wani kuwa faɗa ne ba dalili. Wannan duka ba abin mamaki ba ne a makonnin farko, yawancinsu kuma sukan warware da kansu. In ya wuce wata guda bai ragu ba, lalle ya zama ciwo.

Nan ne iyaye sukan yi kuskure. Wani uba ya ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala. Wata uwa ta ce iska ce. Addu'a tana da kyau, a masallaci ko a coci, ku yi ta. Amma duka da ɗauri ƙara ciwon suke yi. Kada kuma ku taru a kansa kuna cewa, "Gaya mana abin da suka yi maka." In ya so magana, ku ji. In bai so ba, ku zauna kusa da shi kawai. 'Ya mace kuwa, ku rufa mata asiri daga bakin 'yan unguwa.

Abin da ya fi taimako shi ne yaro ya koma cikin tsaransa da aikinsa na kullum, sannu sannu. Kakanninmu da suka haɗa samari wuri guda a aikin golmo sun san amfanin wannan. Ku lura da masu ba shi taramol wai don ya manta, ba mantawar da zai yi, sai dai ciwo ya zama biyu.

In kuwa ya ce ya gaji da duniya, kada ku ɗauka wasa ne. Ku tambaye shi a fili, tambaya ba ta sa masa wannan tunani. Ku kulle maganin ƙwari da na ciyawa, kada a bar shi shi kaɗai, ku kawo shi ɗakin shan magani ran nan. Wanda ya fi ƙarfinmu mukan aika da shi babban asibitin Zuru, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato.