DILLANCIN ZAMANI: WACE HAJA TA DACE MUSULMI YA TALLATA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san matsayin dillali. Baƙo ya koro shanu ko raƙuma daga Nijar, mai saye ya taso daga Kudu, babu wanda ya san wani, sai dillali ya tsaya a tsakani, ciniki ya faɗa, a ba shi la'adarsa. Haka abin yake a cinikin riɗi da zoɓo a ƙasar Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar.

To, yanzu wannan sana'a ta shiga cikin wayar hannu. Saurayi yana zaune a zaure sai ya yaɗa hoton wata haja a WhatsApp ko Facebook, duk wanda ya saya ta hanyarsa kamfani ya ba shi kamasho. Kamfanin Amazon na Amurka ya soma amfani da wannan tsari a 1996, daga baya kamfanoni irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, suka bi sahu a Nijeriya.

Game da asalin la'ada babu wata damuwa. Imamul Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci, inda ya ambata cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahimu da Hasan ba su ga laifinsa ba. Malamanmu na Malikiyya kuwa suna shigar da shi babin jinga, watau a yi wa mutum alkawarin lada sananne in aiki ya kammala, suna kafa hujja da kayan raƙumi guda da aka ambata a Suratu Yusuf, aya ta 72. Inda gizo yake saƙa shi ne zaɓen hajar, domin hukuncin la'ada yana bin hukuncin abin da aka sayar.

Sharaɗi na farko, hajar ta zama halal. Cacar ƙwallo da bashin ruwa da kayan maye ba su halatta ba, saboda haka jawo musu mutane taimakekeniya ce a kan saɓo, wadda Allah Ya hana a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Na biyu, ya kasance akwai haja ta gaskiya. Mu tuna da MMM, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, tana kuma biyan lada ga wanda ya kawo sabon mutum. A Disamba 2016 ta rufe asusun jama'a, dukiya mai yawa ta salwanta. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa ciki kuwa ɗan'uwa ko aboki ne ya kai su. Duk tsarin da kuɗinsa ke fitowa daga aljihun sababbin shiga, cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Na uku, dillali ya san abin da yake yabo. Dillalin kara yakan duba haƙoran sa, ya tayar da shi ya ga tafiyarsa kafin ya yi magana. Yaya mutum zai rantse a kan maganin da bai taɓa gani ba, wai yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir gaba ɗaya? Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne ya tabbatar da rajistar hukumar NAFDAC a jikin magani da abinci da man shafawa.

Na huɗu, ya bayyana aibi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya barrantar da kansa daga mai algus. Ya kuma hana najashu, watau taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don a ruɗi wani. Ƙirƙiro shaidar ƙarya, cewa wance ta gwada ta ji daɗi, ɗan'uwan wannan ne. Haka kuma wanda ya zo neman shawara, a gaya masa cewa akwai la'ada a ciki, domin wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana.

Ya ku samari, jarrabawar tana zuwa ne ranar da haja mai nagarta ke da kamasho kaɗan, marar nagarta kuwa ke da mai tsoka. Idan kamasho ya yi yawan da ya wuce hankali, ku tambayi kanku daga aljihun wa zai fito. Ma'auni mai sauƙi shi ne: shin za ka yarda mahaifiyarka ta sayi wannan abu da kuɗinta? In zuciyarka ta yi ɗar, bar shi. Dillalan Maigatari da suka tsufa cikin sana'a da mutuncinsu, jarinsu shi ne baƙon bara ya dawo bana ya nemi gidansu.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haƙƙin bayinSa, amin.