Hukuncin 'Yancin Ƙananan Hukumomi: Ina Aka Kwana?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 11 ga Yulin 2024 ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Alƙalai bakwai suka zauna, kuma Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta jagoran hukuncin. Kotun ta ce daga yanzu a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, sannan ta haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun majalisu su naɗa kantomomi, domin sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi shugabanci ta hanyar zaɓe.

Ina cikin waɗanda suka yi maraba da hukuncin. Kason ƙananan hukumomi ya kai kashi 20.6 cikin ɗari na Asusun Tarayya, amma talakan karkara ya jima bai ga alamarsa a asibitin sha-ka-tafi ko rijiyar burtsatse ba. Sai dai a ganina akwai gyara a wurare biyu.

Na farko, sashe na 162 yana nan daram da tanadinsa na asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. Abin da kotu ta yi shi ne fassara sashen bisa manufarsa, tunda jihohi sun ci amanar da aka damƙa musu. Amma muddin kalmomin suna rubuce, gwamna zai samu lauyan da zai buɗe masa wata ƙofa. A Anambra, cikin Oktoban 2024, an yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke da hannu a kansa. Haka kuma shekarar ta ƙare ba a fara biyan kuɗin kai tsaye ba, alhali sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli.

Na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar, wane ne ke zaɓen ciyaman? Hukumomin zaɓe na jihohi gwamna ne ke naɗa su. A zaɓukan Oktoban 2024, NNPP ta lashe kujeru 44 na Kano baki ɗaya, APC kuma ta kwashe 23 na Kaduna. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora ba zai iya hana maigidansa kuɗi ba, ko da a aljihunsa aka zuba su. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Maganin dindindin shi ne gyaran Tsarin Mulki, wanda sashe na 9 ya ce sai majalisun jihohi 24 sun amince. A nan ne ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya faɗi a 2023. Don haka nake kira ga lauyoyinmu, akantocinmu da malaman jami'a da su tambayi 'yan majalisar jihohinsu matsayinsu a fili, su kuma nemi kowane ciyaman ya bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi duk wata. Kotu ta yi nata, saura namu. Allah Ya sa mu dace.